Hatimin Malamin Katsina da Lambar 275,305,224

In ka taɓa leƙa allon wani malami a Bahindi ko Bagudo, wataƙila ka ga hatimi mai gida tara: lambobi 1 zuwa 9, duk layin da ka haɗa, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 zai ba ka. Ajiye batun abin da ake yi da shi tukuna. Lissafi ne zalla a ciki, kuma ɗan ƙasar nan ya yi fice a kansa.

Sunansa Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina. Ya tafi aikin hajji, a wajajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai layuka mara, wato 3, 5, 7 da sauransu. A Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti.

To, me ya sa gina hatimi yake buƙatar malami? Ɗauki mai gida 25. Jimillar 1 zuwa 25 ita ce 325, ka raba wa layuka biyar, kowanne zai tashi da 65. Amma hanyoyin jera lambobi 25 a gidaje 25 sun kai 15,511,210,043,330,985,984,000,000. Wannan shi ne 1 × 2 × 3 har zuwa 25. Sifili shidan da ke wutsiyarta ma da dalilinsu: kowane sifili yana buƙatar 2 da 5, su 2 ga su nan birjik, sai 5, 10, 15 da 20 suka ba da biyar ɗai-ɗai, 25 ta ba da biyu. Kwamfutar da ke gwada jeri biliyan ɗaya a kowane sakan za ta shafe kusan shekara miliyan 490 kafin ta gama.

Cikin wannan tulin, guda nawa ne hatimi na gaske? Mai gida tara, ɗaya ne tak, in ba ka lissafa juya shi ko kifa shi ba. Mai gida 16, Bafaranshe Bernard Frénicle de Bessy ya ƙirga 880, aka buga a 1693. Mai gida 25 kuwa sai a 1973 Richard Schroeppel na Amurka ya samo amsar da taimakon kwamfuta: 275,305,224.

Duba lambar da kanka. Ƙwayoyinta in ka haɗa su 30 ne, don haka 3 za ta raba ta ba saura. Ukun ƙarshe, 224, su ne 8 sau 28, ke nan 8 ma ta raba ta. Rabuwarta da 4 ce ta fi ma'ana, don tana da tushe a jikin hatimin. Misali, ka musanya layin farko da na ƙarshe a kwance, ka yi haka a tsaye, sabon hatimi zai fito kuma 65 tana nan daram. Akwai wata musayar irinta, shi ya sa suke zuwa huɗu-huɗu: gungu 68,826,306.

Yanzu ninka 275,305,224 sau 8 don shigar da juyi da kifi, za ka samu 2,202,441,792. Kwatanta da waccan doguwar lambar, sai ka ga jeri ɗaya ne kacal ke dacewa cikin kusan 7,000,000,000,000,000. Mai cankar lambobi har ya tsufa ba zai dace ba. Al-Kashinawi kuwa ƙa'ida ya rubuta, wadda ɗalibi zai bi gida-gida da alƙalami da tawada ya cike hatimin a zama ɗaya, kuma ta yi aiki ga mai layi 7 ko 9.

Mai gida 36 fa? Adadinsa ya kai kusan 1.8 × 10¹⁹, lamba mai ƙwaya 20. Kafin ka je can, ɗauki takarda ka zana gida 25, ka sa 13 a tsakiya, ka nemi 65 ta kowace fuska. Daga nan za ka san nauyin abin da malamin Katsina ya bari a rubuce.