Sarkin da Aka Kafirta: Wa Ke da Ikon Tuɓe Shi?

A shekarar 1807 aka kashe Sarkin Kano Muhammadu Alwali a Burumburum, bayan masu jihadi sun raba shi da Gidan Rumfa. Alwali Musulmi ne a bakinsa, magajin gidan sarautar da ya daɗe da karɓar Musulunci. Da wace hujja aka halatta yaƙarsa?

A wajen akasarin malaman Sunna, zalunci kaɗai ba ya sauke sarki: a yi masa nasiha, a yi haƙuri, don gudun fitina. Kafirci bayyananne ne ke warware biyayya. Saboda haka duk mai neman tuɓe sarki sai ya fara kafirta shi.

Shaihu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), shi ya share wannan hanya. Da ya isa Gawo, Askiya Muhammadu ya tambaye shi hukuncin Sonni Ali, sai ya ce mai furta shahada amma yana girmama itatuwa da duwatsu da yanka ya fita Musulunci, yaƙarsa kuma jihadi ne. Da wannan fatawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa hujja a kan sarakunan Hausa.

A Kano, fitaccen misalin irin wannan garwaye shi ne Dirki, wani Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Alwali ne ya hana shanun yankan, ya sa aka sassare Dirki da gatari, har mutane suka yi masa baki cewa shi ma haka za a fitar da shi daga ƙasar. Sarkin da ya rusa tsafin, shi aka yaƙa da sunan kawar da tsafi.

Daga Barno, Shehu Muhammadu Alkanemi ya ƙalubalanci hujjar a wasiƙunsa. Ya ce cin hanci da yanka a wasu wurare saɓo ne da jahilci, akwai irinsu har a Masar, kuma saɓo ba ya kafirta mai salla. Muhammadu Bello, wanda ya adana muhawarar cikin Infaƙul Maisuri, ya amsa da cewa sarakunan sun taimaki kafirai a kan Musulmi, wannan kuwa ridda ce.

Cocin Katolika ma ya sha wannan gardama a kan Fafaroman da ya kauce wa aƙida. Kadinal Bellarmine (1542–1621) ya ce da zarar kaucewarsa ta bayyana, kujerar ta suɓuce masa da kanta. Kadinal Cajetan kuwa ya ce yana nan a kanta har sai Coci ya bayyana laifinsa. Cikas ɗin shi ne, a dokarsu babu mai yi wa Fafaroma shari'a.

Nan matsalar Kano take. Kowa ya yarda kafirci na tuɓe sarki, amma alƙalan birni duk naɗin sarki ne, babu majalisar da ke sama da shi. Da aka rasa alƙalin da ɓangarorin biyu suka amince da shi, sai takobi ya yanke hukunci, Malam Sulaimanu ya zama Sarkin Kano.