Kwalejin Kwamfuta ta Schwarzman a MIT: Asalinta, tsarinta da taƙaddamar kuɗin da aka kafa ta da su

A ranar 15 ga Oktoban 2018, shugaban Jami'ar MIT da ke birnin Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka, L. Rafael Reif, ya sanar da cewa jami'ar za ta kashe dala biliyan ɗaya wajen kafa sabuwar kwaleji ta ilimin kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira. Dala miliyan 350 daga cikin kuɗin kyauta ce daga Stephen A. Schwarzman, shugaban kamfanin zuba jari na Blackstone, kuma sunansa aka raɗa wa kwalejin. Rabon da jami'ar ta yi wa tsarinta sauyi mai girman wannan tun farkon shekarun 1950.

Me ya sa sai kwaleji?

MIT ba baƙuwa ba ce a fagen kwamfuta. A nan aka ƙera Whirlwind, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, wadda ta fara aiki a 1951. A 1959 John McCarthy da Marvin Minsky suka soma bincike a kan ƙirƙirarriyar basira a jami'ar, sannan a 1963 aka ƙaddamar da shirin Project MAC da kuɗin hukumar bincike ta Ma'aikatar Tsaron Amurka. Waɗannan rassa biyu ne suka haɗe a 2003 suka zama cibiyar binciken da ake kira CSAIL.

Sai dai duk wannan tarihi, koyar da kimiyyar kwamfuta ya kasance a ƙarƙashin sashe guda, wanda ta yi tarayya da injiniyancin lantarki a cikinsa. Zuwa 2018, kusan kashi 40 cikin ɗari na ɗaliban digirin farko suna karatun kwamfuta ne, ko ita kaɗai ko haɗe da wani fanni. Malaman sashen sun yi kaɗan, ga kuma masana tattalin arziki da na ilimin halittu da na tsara birane, kowa na buƙatar kwamfuta a aikinsa.

MIT na da manyan makarantu biyar: injiniyanci, kimiyya, zanen gine-gine da tsara birane, harkokin gudanarwa, da kuma adabi da fasaha da nazarin zamantakewa. Da an ga dama da an ƙara ta shida. Aka zaɓi a kira sabuwar kwaleji, domin a nuna cewa ratsa dukkan biyar ɗin za ta yi, ba zama gefensu ba.

Yadda take aiki

Ginshiƙin shirin shi ne sababbin kujerun malamai 50. Rabinsu na ainihin kimiyyar kwamfuta ne, sauran 25 kuwa na tarayya ne tsakanin kwalejin da wasu sassa, ta yadda malami ɗaya zai iya zama ɗan sashen falsafa ko na kiɗa, kuma ɗan kwalejin. Reif ya ce burinsa a yaye ɗalibai masu harshe biyu, wato harshen fanninsu da harshen kwamfuta.

An sake fasalin tsohon sashen zuwa rassa uku: injiniyancin lantarki, kimiyyar kwamfuta, da ƙirƙirarriyar basira haɗe da dabarun yanke shawara, reshen da ya samu digirinsa na kansa a 2022. Akwai kuma digirori na haɗaka, kamar kwamfuta da tattalin arziki, ko kwamfuta da nazarin ƙwaƙwalwa. Shugaban kwalejin na farko, Daniel Huttenlocher, tsohon ɗalibin MIT ne wanda ya jagoranci kafa Cornell Tech a New York, kuma ya kama aiki a 2019. Ginin kwalejin da ke kan titin Vassar ya buɗe a 2024.

Wani reshe da aka yi ta tallatawa shi ne SERC, mai kula da ɗa'a da haƙƙin al'umma a aikin kwamfuta. Yana shirya darussa da nazarce-nazarce da kowa zai iya karantawa kyauta a intanet. Dalilin kafa shi ba boyayye ba ne. A 2018 ɗin dai, Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana da ke bincike a MIT, tare da Timnit Gebru, sun nuna cewa manhajojin tantance fuska na wasu manyan kamfanoni suna kuskuren da ya kai kusan kashi 35 cikin ɗari a kan mata baƙaƙen fata, alhali a kan maza farare bai kai kashi ɗaya ba.

Kuɗin wa, muradin wa?

A nan ne maganar ta yi tsami. Schwarzman ya shugabanci kwamitin 'yan kasuwa da ke ba Shugaba Donald Trump shawara a 2017. A wannan shekarar kuma asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya yi alƙawarin zuba har dala biliyan 20 a wani asusun Blackstone. Yarima Muhammad bin Salman ya ziyarci MIT a Maris na 2018, kuma an sanar da kafa kwalejin kwana 13 kacal bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul.

Da aka zo bikin ƙaddamarwa a ƙarshen Fabrairun 2019, sai ga Henry Kissinger cikin masu jawabi. Ɗalibai da malamai da tsofaffin ɗalibai suka wallafa wasiƙa a jaridar ɗaliban jami'ar suna neman a soke bikin, wasu kuma suka yi zanga-zanga. Hujjarsu ita ce, kwalejin da ta ce za ta koyar da ɗa'a bai kamata ta buɗe da mutumin da ake dangantawa da luguden wuta a Kambodiya da juyin mulkin Chile na 1973 ba. Hukumar jami'ar ba ta janye gayyatar ba.

Adalci ne a ce kujerun tarayyar nan sun kai kwamfuta sassan da a da sai dai su yi aron malami, kuma an cusa tambayoyin ɗa'a cikin darussan da a baya lissafi ne zalla. Amma ƙorafin masu suka bai tsaya kan bikin kwana uku ba. Tambayarsu ita ce ko jami'a za ta iya bin diddigin manyan kamfanonin fasaha da gaske alhali tana ci daga hannunsu. Shi kansa Huttenlocher ya shiga hukumar daraktocin Amazon tun 2016, kuma a 2021 ya fitar da littafi a kan ƙirƙirarriyar basira tare da Kissinger da tsohon shugaban Google, Eric Schmidt.

Ba MIT ce ta fara ware wa kwamfuta makaranta ba. Jami'ar Carnegie Mellon ta yi haka a 1988, Georgia Tech kuma a 1990. Amma girman kuɗin da sunan MIT sun sa wasu jami'o'in sake lissafi, kuma a 2023 Jami'ar California da ke Berkeley ta kafa tata kwalejin ta kwamfuta da kimiyyar bayanai da al'umma, sabuwar kwaleji ta farko da ta buɗe cikin fiye da shekara 50.