Kalmar "sorry": tsakanin jaje da amsa laifi

Ɗan Najeriya da ya je aiki Ingila ba ya daɗewa bai ci karo da wannan ba. Abokin aikinsa Bature ya yi tuntuɓe, ko shayi ya zube masa a riga, sai ya ce masa "sorry", shi kuwa Baturen ya waiwayo ya ce ai ba laifinka ba ne. Ɗayan sannu ya yi, ɗayan neman afuwa ya ji. Malaman Turanci da dama suna sa wannan cikin kurakuran Turancin Najeriya. A ganina tarihin kalmar bai goyi bayansu ba, kuma harshen damon da ke cikinta shi ne ya sa ta yi ƙarfi a bakin Turawan kansu.

Asalinta "sarig" ne a tsohon Turanci na fiye da shekara 1,000 da suka wuce, daga "sar", wato ciwo, tushen da ya haifi "sore" ta yau. Ba daga "sorrow" ta fito ba, ko da yake kamannin da ke tsakaninsu ya yi tasiri a kan lafazinta da rubutunta. Ma'anarta ta fari ke nan: wanda abu ya yi wa ciwo a zuci. Nadama kan laifin da mutum ya aikata daga baya ta shigo. Saboda haka mai cewa "sorry" ga wanda ya faɗi bai ɓata Turanci ba, tsohuwar ma'anar ya riƙe. Baturen ma da ita yake ta'aziyya idan an yi rasuwa, ba wanda ke zaton shi ya kashe mamacin. Bambancin dai shi ne Bature ya keɓe jajen ga babbar musiba, mu kuwa har tuntuɓe da atishawa.

A Ingila kalmar ta yi araha ƙwarai. Da ita ake neman hanya a cunkoson jirgin ƙasa, da ita ake cewa a maimaita magana, da ita mai kanti ke cewa kaya sun ƙare, da ita kuma ake share fagen musu. Kate Fox, masaniyar halayyar al'umma, ta bayyana a littafinta na 2004 yadda ta riƙa bangazar mutane da gangan a kan titi, akasarinsu su ne ke ce mata "sorry". Wannan gaisuwa ce kawai. Hausa ta rarraba aikin: sannu ga mai ciwo, gafara ga mai neman hanya, na'am ga wanda bai ji ba, yi haƙuri ko a yafe mini ga mai laifi, na tuba ga wanda laifinsa ya yi nauyi. Turanci ya ɗora duka a kan kalma ɗaya.

J. L. Austin, malamin falsafa na Oxford, ya taɓo bakin zaren a laccocin da ya yi a Harvard a 1955, waɗanda aka buga a 1962. Ya ce "I apologize" aiki ne, da faɗarta an nemi afuwa. "I am sorry" kuwa rabinta aiki ne, rabinta bayanin halin da zuciya ke ciki. Mai faɗarta yana iya komawa daga baya ya ce shi ciwon zuciyarsa kawai ya faɗa. Mai jinta kuma yana iya riƙe ta a matsayin amsa laifi, har ya kai ta gaban alƙali.

Wannan tsoro ne ya sa lauyoyi da kamfanonin inshora suka daɗe suna gargaɗin likitoci da direbobi su kama bakinsu bayan haɗari, har sai da majalisu suka sa baki. Jihar Massachusetts ta Amurka ta yi doka a 1986 wadda ta hana a kafa hujja da kalaman jaje a shari'ar diyya. Sashe na 2 na dokar diyya ta 2006 a Ingila da Wales ya ce ba da haƙuri shi kaɗai ba amsa sakaci ba ne. Lardin British Columbia na Kanada a 2006, da Ontario a 2009, sun zarce haka, sun kare ban haƙurin ko da akwai amsa laifi a cikinsa. Wani zai ce ban haƙurin da doka ta cire wa haƙora ba shi da sauran daraja, kuma maganarsa abin dubawa ce. Sai dai kafin dokokin, abin da majinyacin da aka yi wa kuskure yake samu shi ne shiru.

Inda rigimar ta fi fitowa fili shi ne Ostireliya. Wani rahoto na 1997 ya tona yadda hukumomi suka yi shekaru da dama suna ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga iyayensu, ya kuma nemi a ba su haƙuri. Firaminista John Howard ya ƙi, yana cewa mutanen yau ba za su ɗauki laifin na jiya ba. A 1999 majalisa ta amince da ƙudurin nuna takaici, aka yi amfani da "regret", aka kauce wa kalmar da ake jira. Jama'a suka mai da ita tutarsu: an fara Ranar Sorry a 26 ga Mayu 1998, kuma a 2000, yayin da dubban ɗaruruwan mutane ke tattaki a kan gadar Sydney, jirgin sama ya rubuta ta da hayaƙi a sararin samaniya. Sai 13 ga Fabrairu 2008 Firaminista Kevin Rudd ya furta ta a majalisa, ba tare da asusun diyya ba. Abin lura, a Turancin 'yan asalin ƙasar "sorry business" zaman makoki ne. Howard yana jin amsa laifi a kalmar, su kuwa har da ta'aziyya suke nema, irin wadda ake yi wa gidan da aka yi rashi.

Birtaniya ta bi hanyar Howard a kan Kenya. A Yuni 2013 sakataren harkokin waje William Hague ya sanar da biyan fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, domin mutum 5,228 da aka azabtar zamanin tawayen Mau Mau a ƙarƙashin mulkin mallaka, ya ce gwamnati tana takaici matuƙa, amma ba ta amsa alhaki ba. Sarki Charles ya maimaita takaicin a Nairobi a Oktoba 2023, shi ma bai nemi afuwa ba. An biya kuɗi, an riƙe kalma. Ga alama a lissafin gwamnati kalmar ta fi kuɗin tsada, domin bayan Kenya akwai sauran ƙasashen da aka mulka.

Don haka gyaran da ya fi dacewa ba a bakin ɗalibin da ke yi wa malaminsa sannu da Turanci yake ba. Yana ɗakin labarai, inda mai fassara cikin gaggawa kan mai da "regret" ta zama "ya nemi afuwa", ko ya mai da "sorry if", wadda ke jingina laifin ga wanda ya ji haushi, ta zama "ya amsa laifinsa". Masu rubuta waɗannan jawabai sun auna kowane harafi tare da lauyoyi. Idan takaici suka nuna, a gaya wa mai sauraron Hausa takaici suka nuna.