Ɗaukewar Ni'ima Bayan Yankewar Haila: Tarihin Maganinta a Ƙasar Daura

Duk wanda ya karanta tarihin Daura ya san ƙasa ce wadda ta ba manyan mata girma tun da can. Labarin gargajiya ya ce mata ne suka fara sarautar garin, har zuwa kan Daurama, wadda a zamaninta Bayajida ya zo ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Da sarauta ta koma hannun maza ma ba a raba mata da fada ba, gama M. G. Smith, a littafinsa na sha'anin mulkin Daura wanda aka buga a 1978, ya nuna Magajiya da Iya suna cikin manyan masu sarauta. A gidajen talakawa kuwa, mace in ta manyanta haila ta yanke mata, sai kulle ya sassauta, ta zama ungozoma, ko dillaliya, ko uwar biki, a riƙa neman shawararta.

To, amma akwai wata wahala da ke zuwa tare da wannan girma, watau bushewar gaba, da zafi, da ƙaiƙayi, da ciwo wajen kwanciyar aure, wani lokaci har da yawan fitsari mai raɗaɗi. Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, magungunan mata na ƙasarmu an gina su ne domin amarya da mai jego, ita kuwa dattijuwa aro ta ke yi, kuma abin da ta aro ɗin sau da yawa ƙara mata ciwon ya ke yi.

Mu fara da malamai, don su ne suka bar mana rubutu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da a ke karantawa a zaurukan Daura, kamar Risala da Muhtasar, sun san macen da ta fid da tsammanin haila, amma ta fuskar hukunci suka dube ta. Iddarta wata 3 ce. Malaman mazhabar sun ce jinin da ta gani bayan shekara 70 ba haila ba ne, tsakanin 50 da 70 kuwa sai a tambayi mata. Wannan hukunci abin lura ne ƙwarai: malamin da kansa ya yarda sanin yana hannun mata. Matan kuwa ba su rubuta ba, da baki suka ba juna, a bayan labule.

Harshe ma ya nuna haka. Hausa ba ta da kalma guda ta wannan lokaci na rayuwar mace, sai dai a ce ta daina al'ada, ko haila ta yanke mata, ko a sakaya a ce girma ya zo. Danshin jikin mace kuwa ni'ima a ke ce masa, kalmar Larabci wadda mu ke faɗa wa ƙasa mai dausayi da albarka. Ga ɗalibin harshe aron ya yi kyau, amma fa yana da nauyi, domin wadda aka ce ni'imarta ta ɗauke sai ta ji kamar albarka aka zare mata. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa ba ta iya faɗa, balle a gidan da akwai kishiya ƙaramar yarinya.

Sai magungunan. Daura na kan tsohuwar hanyar fatake ta Kano zuwa Damagaram, saboda haka kanwa da gishiri da sauran kayan ƙoli ba su taɓa yi mata wuya ba. Mai jego tana da tsari cikakke: wankan ruwan zafi da ganye har kwana 40 ko fiye, da kunun kanwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Amarya tana da nata, su tsimi, da gumba, da dahuwar kaza, da abin da a ke kira matsi. Manufar jego ita ce jiki ya tsane ya koma, manufar matsi kuwa ya tsuke. Ko kusa ba wannan dattijuwa ke bukata ba. Ɗauki bagaruwa, wadda a ke dafawa a zauna cikin ruwanta. Ita ce majema ke jeme fata da ita, aikinta ke nan ta tsotse ta ƙanƙance. Fatar da ta riga ta yi siriri ta bushe, in aka sa mata abin jima da ruwan zafi da sabulu mai kaifi, mai karatu ya san abin da zai biyo baya. Man kaɗanya, wanda tsofaffi ke shafawa a waje, shi ne ya fi kusa da daidai, don aƙalla yana tausasawa.

Mafi muni shi ne yankan gishiri. An ɗauka wani abu ne ke tsirowa ya toshe gaban mace, sai wanzami ko ungozoma su sa aska su tsaga. Ana yin sa don naƙuda mai tsawo, ana kuma yin sa don tsayawar haila da ciwo wajen kwanciya, waɗanda su ne ainihin alamun da mu ke magana a kai. A 1983 likita Tahzib ya ba da bayanin mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tarar 13 cikin 100 wannan yanka ne ya jawo musu. Asibitin Babbar Ruga na Katsina, inda likita Kees Waaldijk ya kama aikin ɗinkin yoyon fitsari a shekarun 1980, ya karɓi irin waɗannan mata daga ko'ina a Arewa.

Kada a zaci Turawa sun daɗe da sanin abin. Sai a 1821 wani likitan Faransa, de Gardanne, ya raɗa wa yankewar haila sunan da su ke kiranta da shi yanzu. A ƙarni na 20 aka gane sinadarin istirojin, wanda ƙwan mace ke samarwa, shi ke sa fatar gaba ta yi kauri da laushi da danshi, in ya ragu sai ta sirance. A 1942 aka fara sayar da Premarin a Amurka. A 1966 Robert Wilson ya rubuta littafi yana zuga mata su sha shi har ƙarshen rai, a 1975 aka ga shan istirojin shi kaɗai na ƙara haɗarin sankarar mahaifa, a 2002 kuma wani babban bincike a Amurka ya tsorata mutane har da yawa suka watsar da maganin ɗungum. Su ma dai sun yi ta kai da kawowa. Sai a 2014 ƙungiyoyin likitoci suka haɗa bushewar da matsalar fitsarin a ƙarƙashin suna guda, don tushensu ɗaya ne.

Abin da aka tsaya a kai yau ba shi da wuya. Haila kan yanke tsakanin shekara 45 da 55. Zafin jiki da gumin dare su kan wuce, amma bushewar ba ta wucewa da kanta, ƙaruwa ta kan yi. Mai shayarwa ma ta kan same ta na ɗan lokaci, don istirojin ɗinta na sauka, sai dai al'adar ƙauracewa har yaye ta rufe wannan a da. Maganin farko shi ne barin abin da ke ƙara ciwon: matsi, da turare, da wanke ciki da sabulu. Sa'an nan akwai man santsi na kantin magani da a ke sawa lokacin kwanciya, da man danshi da a ke sawa bayan kwana 2 ko 3. Mai irin na kaɗanya ko na gyaɗa yana lalata kwaroron roba, wannan a sani. In waɗannan ba su isa ba, likita kan ba da istirojin kaɗan na sawa a wurin, wanda abin da ke shiga jini daga gare shi ƙalilan ne, ko da ya ke wadda ta taɓa sankarar nono sai ta yi shawara da likitanta tukuna.

Malaman kwalejojin horon malamai da na makarantun kiwon lafiya, kamar wadda ke Daura, su za su fi kowa bukatar kalmomin koyar da wannan. Ni dai bushewar gaba na fi so a aji da asibiti, don ta faɗi abin kai tsaye ba ta ɗora wa kowa laifi ba, a bar ni'ima ga hira. Akwai kuma wuri guda da za su ƙara a kan tsohon hukuncin nan na a tambayi mata. Hukuncin yana nan ga salla da azumi, amma jinin da ya dawo bayan haila ta yi shekara guda da yankewa, ko ɗigo ne, yana iya zama alamar sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, kuma asibiti a ke kai shi a duba.