Dunƙulen dalmar da ke ɓoye a cikin fiffike

Wanda ya shiga garejin mai ƙera ƙaramin jirgin sama a gida, a Amurka ko Turai, zai iya tarar da shi ya ɗora wani siririn sashen fiffike a kan kaifin ƙarafa biyu, ya tsura masa ido kamar mai awon zinariya. Sashen shi ne wanda Faransawa suka raɗa wa suna aileron, wato ɗan fiffike. Yana maƙale a gefen baya na fiffike kamar marfin taga, da shi matuƙi ke karkata jirgi dama ko hagu. Maƙerin jira yake ya ga ko bakin baya zai rinjaya ƙasa. In ya rinjaya, sai ya ƙara dalma a gaban layin hinjis har nauyin ya kai yadda mai zanen jirgin ya ƙayyade.

Jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 ba shi da wannan sashe. Murɗa fiffiken gaba ɗaya suke yi da wayoyi. Wani Bature ɗan Ingila, Matthew Boulton, ya yi rajistar dabarar ɗan fiffike tun 1868 aka manta da shi, sai a 1909 Henri Farman ya fito da irin wanda muka sani yau a Faransa. Da jirage suka ƙara ƙwari, murɗa fiffike ta gagara, kowa ya koma ga ɗan fiffike.

Daga nan sai gudu ya zo da tasa cutar. Idan nauyin ɗan fiffike yana bayan hinjis, iska ta bugi fiffike ya yi sama, ɗan fiffiken sai ya yi saura a ƙasa. Wannan saura tana ƙara wa iskar ƙarfin turawa, fiffiken ya dawo da ƙarfi, a sake. Cikin daƙiƙa kaɗan karkarwar sai ta yaga ƙarfe da katako. A 1916 jelar jirgin yaƙin Birtaniya ƙirar Handley Page ta riƙa irin wannan kaɗawa, Frederick Lanchester ya ba da shawarar a haɗe ɓangarorin jelar biyu da bututu mai tauri. Amma maganin dalma daga Holan ya fito. Injiniyoyi biyu, von Baumhauer da Koning, sun binciki karkarwar wani jirgi mai sauka kan ruwa na kamfanin van Berkel, suka nuna a 1923 cewa nauyi kaɗan a gaban hinjis yana raba motsin fiffike da na ɗansa. Lissafin Frazer da Duncan a 1928 da na Theodorsen a 1935 sun biyo baya ne, suka tabbatar da abin a kan takarda.

Masu ƙira a gida sun jima ba ruwansu da wannan, domin jirgi irin na Bernard Pietenpol, mai injin motar Ford, tafiyar hawainiya yake yi. Bayan Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu ƙira a gida ta EAA a 1953, kuma jirage masu gudu irin RV na Richard VanGrunsven suka cika garejoji, awon ya zama dole. Har fenti ma ba a raina shi: yawancinsa a bayan hinjis yake kwanciya, don haka a kan sake awo bayan an shafa. A ganina nan ne haƙuri ke ƙarewa, mutum ya shekara biyar yana buga ƙusa, ga jirgi yana sheƙi, a ce ya sake kwance shi.

Karkarwa ba ta ƙyale ko gwani ba: Steve Wittman, wanda filin jirgin Oshkosh ke ɗauke da sunansa, ya fi shekara sittin yana ƙira da tsere. Ranar 27 ga Afrilu, 1995, yana da shekara 91, yana tafe da matarsa daga Fulorida a jirgin da ya ƙera da hannunsa, fiffiken ya wargaje a sararin jihar Alabama, duka biyun suka rasu. Masu bincike sun gano yadin da aka lulluɓe fiffiken da shi ne bai kama da kyau ba, ya ɗaye daga gefen baya, karkarwa ta shiga ta nan.