Zazzaɓin Lassa da Aikin Ɗakin Gwaje-gwaje

A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine ta kamu da zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, cikin ƙasar Borno. Aka ɗauke ta zuwa Jos, can ta rasu, kuma ba a jima ba wadda ta yi jinyarta ta bi ta. Likitoci sun ga alamun ciwon sarai, amma ƙwayar da ke haddasa shi ta fi ƙarfin ganin ido.

Ta uku da ta kamu, wato Lily Pinneo, sai aka kai ta Amurka, aka aika da jininta Jami'ar Yale. A can Jordi Casals da abokan aikinsa suka ware ƙwayar, suka tabbatar ba a taɓa saninta ba, aka laƙaba mata sunan garin. Sanin nan kuwa bai zo da araha ba. Casals kansa ya kwanta, har sai da aka ƙara masa ruwan jinin Pinneo. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya rasu, aka mai da aikin Atlanta.

Sauran tambaya ita ce inda cutar ke ɓuya. Gwajin dabbobin da aka kama a Saliyo a 1972 ya nuna wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita, sa'an nan aka san dalilin rufe abinci da tsabtace rumbu. Abin takaici, shekara da shekaru jinin majiyyata na ƙetare teku kafin a sami amsa. Sai a 2008 asibitin Irrua, a Jihar Edo, ya sami ɗakin gwajin Lassa nasa.