Majami'un Amstadam a Tsofaffin Zane-zane

Kafin zuwan kyamara, mutanen Holan sukan sassaƙa siffar biranensu a kan farantin jan ƙarfe, su shafa tawada, su danne takarda a kai. Hoton yakan fito baƙi da fari, sai wani ya bi shi da launi da hannu, takarda bayan takarda. Shi ya sa ba a cika samun biyu da launinsu ya zo daidai ba. A 1649 Joan Blaeu ya buga babban littafi na taswirorin biranen ƙasar, wasu kuma suka yi ta zana tituna da majami'u har cikin ƙarni na 18.

In mun dubi Amstadam a irin zanen nan, hasumiyoyi ne ke fara ɗaukar ido. Ga Oude Kerk, tsohuwar majami'ar Katolika wadda aka farfasa siffofinta a tarzomar 1566, ta kuma koma hannun mabiya koyarwar Kalbin a 1578. Ga Zuiderkerk, wadda aka fara ginawa a 1603, ta farko da birnin ya gina musamman domin sujadar Furotesta. Ga kuma Westerkerk, inda aka binne mai zane Rembrandt a 1669. A ƙolin hasumiyarta kambin sarauta ne, abin da ya kamata ɗalibin dangantakar ikkilisiya da hukuma ya tsaya a kai.

Zanen cikin majami'un ya fi koya mana tauhidi. Bango fari fat, babu bagadi, mumbari ya tsaya inda kowa zai ji wa'azi. Sau da yawa za mu ga mutane na yawo suna hira, yara na wasa, har da karnuka. A wurinsu ginin ba shi ne mai tsarki ba, taron masu bi ne ikkilisiya.

Sai dai mai zane abin da ke fili yake zanawa. An hana Katolika yin sujada a bainar jama'a, saboda haka suka koma cikin gidaje, hukuma kuwa ta kau da kai. Wajen 1663 wani ɗan kasuwa ya mai da benen gidansa majami'a, tana nan har yau a matsayin gidan tarihi. Wanda ya ƙirga hasumiyoyi kawai zai ɗauka dukan birnin ɗarika ɗaya ce. A kan takarda, majami'ar nan gidan ɗan kasuwa ce kurum a bakin ruwa, da tagoginta irin na maƙwabta.